Lamba 20 za ta kayar da mazo kuwa?

Ɗana, jiya bayan la'asar muna goge bindigogi ka tambaye ni ko 'yar lamba 20 ɗin nan da kawunka ya bar maka za ta iya kayar da mazo ko gada, ko kuwa sai ka tara kuɗi ka sayi lamba 12 irin tawa. Na ce ka bari in natsu. To ga amsa: za ta iya. Magana tana kan abin da ka ɗura mata da kuma inda ka tsaya ka harba.

Fara sanin ma'anar lambar, don yara da yawa na ɗauka 20 ta fi 12 girma. A ɗauki dalma laba ɗaya, wato giram 454, a raba ta gida 12 daidai, a mulmula. Faɗin ƙwallo ɗaya shi ne faɗin ramin lamba 12, kusan milimita 18 da rabi. In gida 20 aka raba, ƙwallon ya ƙanƙance, ramin ya koma wajen 15 da rabi. Milimita uku ke nan tsakaninsu.

Harsashi shi ne inda ake yin ɓarna. Wanda ka saba harbin zabo da fakara da shi, mai ƙananan ƙwayoyi kamar dawa, kada ka kuskura ka nuna wa mazo shi, ko a lamba 12 ne. Fata da tsoka zai shiga ya tsaya. Na manyan ƙwayoyi ya fi, amma a nan ƙaramar bindiga ta ɗan gaza: lamba 12 na ɗaukar ƙwaya 9 masu girman gurjiya, taka kuwa kusan 20 take ɗauka waɗanda ba su kai su nauyi ba, ƙarfinsu na saurin mutuwa. Da su, taku 30 ne iyakarka. Abin da nake so ka nema shi ne mai dunƙulen dalma guda. Wani Bajamushe, Wilhelm Brenneke, ya ƙera irinsa tun 1898, har yau ana yi. Na lamba 12 giram 28 ne, na lamba 20 daga 18 zuwa sama. Giram 18 na dalma in ya samu bayan allon kafaɗa, huhu biyu zai fasa ya fita.

Kada ka ga kamar faɗa kawai nake yi. A Amurka, jihohi irin su Ohayo da Ilinoi sun yi shekaru masu yawa doka ta hana farautar barewa da bindiga mai cin dogon zango, saboda ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce kuma gonaki da gidaje sun yi kusa. Da irin bindigoginmu suke harbi, da yawansu da lamba 20, ga barewar tasu mai farar wutsiya namijinta kan haura kilo 70. Gadarmu da wuya ta wuce kilo 25. Gwanki dai ka cire shi a lissafi, wannan ya fi kilo 200, kuma ba a taɓa shi. Barewa ma ta kusa ƙarewa a dazukanmu, in ka ganta ka sauke bindiga.

Wani abu da ƙaramar ta fi babbar: ba ta dukan kafaɗa sosai. Na lura da kai ranar da ka gwada tawa, tun kafin ka ja kunama ka runtse ido, bakin bindiga ya yi ƙasa. Da taka ba ka yin haka.

Nisa shi ne ya taɓa kunyata ni. Ina saurayi, da lamba 12 a hannuna, na hangi mazo a bakin fadama da sassafe, ya fi taku 70. Zuciya ta ce harba. Ya yi tsalle ya ƙame baya ya shige duhuwa. Jinin da na tarar baƙi-baƙi ne haɗe da koren abin tumbi, ba ja mai kumfa na huhu ba. Wuni na yi ina bin sawu. Washegari ungulaye ne suka nuna mini inda ya faɗi, ya kumbura, ba yanka, ba nama. Maigidana bai zage ni ba, ya dai karɓe bindigar wata guda, ya sa mini kan burtu ya ce in je in koyi sanɗa. Har yau in na tuna wahalar da dabbar nan ta sha a daren, raina na ɓaci. Don haka ko da dunƙule ne, kada ka wuce taku 50. Ka saki ƙura ka ga inda iska ta nufa, ka biyo ta ƙasanta, ka jira ya ba ka haƙarƙari, ka yi bisimilla. Wuƙarka ta kasance a kusa. Ka kuma duba abin da ke bayansa, don dunƙule na tafiya ɗaruruwan mita, daji kuwa ba ya rasa makiyayi ko mai itace.

Tunda tare muke fita, ka riƙe wannan da kyau: harsashinka kada ya shiga jakata. Na lamba 20 in ya faɗa cikin lamba 12 sai ya zurma ya maƙale a gaba, mutum ya ga rami fayau ya sake ɗura wani a bayansa, bututu ya tarwatse a hannunsa. Shi ya sa kamfanoni ke yin kwanson lamba 20 ruwan ɗorawa. Kuma kada ka ba wani dunƙule ya sa a ƙirar maƙera.

Gobe da asuba ka zo da lasisinka, da kwali babba, da harsashi shida. Za mu zana da'ira girman faifai, mu jingina shi a jikin ganuwar tsohon ramin ƙasa. Uku a taku 30, uku a taku 50. Inda ukun suka shiga faifan duka, nan ne iyakarka a bana.