Tambaya da Amsa: In bi farfesan da aka fi ambaton aikinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina shirin yin digiri na uku a nazarin ƙwaƙwalwa, ɓangaren da ke duba yadda furotin da ƙwayoyin gado suke aiki cikin jijiyoyi. Farfesoshi biyu nake tunanin ɗaya ya zama sufabaizana, na leƙa Google Scholar, shafin neman maƙalun bincike, sai na ga ma'aunin h na ɗaya ya ninka na ɗayan, toh kawai in bi mai babbar lamba?

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. A'a, kar ki yanke hukunci da lambar nan kaɗai. Wani masanin fiziks ne Jorge Hirsch ya ƙirƙiro ma'aunin a 2005, in an ce mutum yana da h 20 ana nufin yana da maƙala 20 da aka ambaci kowacce a wasu maƙalun aƙalla sau 20. Lambar ba ta raguwa, don haka wanda ya daɗe a aiki kusan kullum zai wuce matashi ko da matashin ya fi shi zafin bincike yanzu, kuma Google Scholar ya kan ba da lamba sama da takwarorinsa Scopus ko Web of Science saboda yana ƙirga har kundayen ɗalibai.

A wannan fanni naku ma abin ya fi rikitarwa, don maƙalar da ta koyar da dabarar aiki ita ke kwashe ambato. Maƙalar Oliver Lowry ta 1951 kan yadda ake auna furotin an ambace ta sama da sau 300,000, masu auna furotin a lab da dabararsa su kan sa sunanta, haka ma maƙalar 1981 ta su Neher da Sakmann kan auna wutar da ke ratsa fatar ƙwayar jijiya. Ayyuka ne masu daraja ƙwarai, amma kinga wanda ya shafe shekaru yana bin furotin guda ɗaya a wata cuta da ba kowa ke nazarinta ba, lambarsa ba za ta taɓa kai nan ba komai kyan aikinsa.

Abin da ya fi damuna shi ne ambato ba ya nuna cewa aiki gaskiya ne. Akwai maƙalar da ta fito a mujallar Nature a 2006 kan furotin amiloyid da cutar mantuwa ta Alzheimer, an ambace ta fiye da sau 2,000, sai a 2024 aka janye ta saboda an jirkita hotunan sakamakon gwajin. Sunan mujalla ma ba hujja ba ne, tun 2012 sanarwar DORA ta San Faransisko kan yadda ake auna bincike ta yi kira a daina auna mai bincike da sunan mujallar da ya buga.

Ki shiga PubMed, rumbun maƙalun kimiyyar lafiya, ki ciro maƙalunsu na shekaru biyar da suka wuce ki karanta da kanki, ki duba inda sunan kowannensu yake a jerin marubuta, a al'adar fannin, na farko shi ya yi yawancin aikin, na ƙarshe shi ne shugaban lab, na tsakiya kuwa wani lokacin samfur kawai ya bayar. Ki lura ko ɗalibansa suna fitowa a matsayin na farko, sannan ki nemi waɗanda suka gama a hannunsa ki tambaye su ko yana zama da su kan sakamakon gwaji da kuma shekara nawa suka yi kafin su kammala.