Kwana goma a Maroko ta jirgin ƙasa: me zan yanka tun daga gida, me zan bari sai mun isa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne a nan Katsina, wajen Ƙofar Ƙaura nake zaune. Na daɗe ina tari don in kai mahaifiyata ziyara Fas, da maiɗakina mu uku ke nan, kuma kwana goma muke da shi. Ina so mu ga Fas, Miknas, Rabat da Marrakesh ta jirgin ƙasa. Sai dai Hajiya ta manyanta, ba na son tsarin da zai ɗaure mu. In yanki tikiti duka tun daga gida, ko in bari sai mun isa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka maka da alheri bisa wannan niyya, ya ba Hajiya lafiyar zuwa da dawowa.

Kada ka yanki duka, kada kuma ka bar duka. Abin da zai sauƙaƙa maka shi ne garuruwan nan huɗu a kan layin dogo ɗaya suke, kamar 'ya'yan carbi a zare. Jirgin da ya taso daga Fas sai ya ratsa Miknas, Kenitra, Rabat da Kasablanka kafin ya ƙare a Marrakesh, inda layin kudu ya tsaya. Jirage suna bin wannan hanya sau da yawa a yini, don haka wanda ya rasa na safe ba ya kwana a tasha. Mu da ba mu saba da jirgin ƙasa a Katsina ba, muna jiran a gama layin Kano zuwa Maraɗi da zai bi ta Daura da Jibiya, sai mu ɗauka jirgi kamar motar tasha yake, sai ya cika ya tashi. Can da agogo ake aiki, cike ko babu kowa.

Daga Fas zuwa Marrakesh kai tsaye tafiyar kusan awa 7 ce. Matashi zai jure, amma ban yarda a zaunar da tsohuwa haka ba, ga alwala, ga ƙafa tana kumbura. Shi ya sa nake cewa a sa Rabat a tsakiya, ba a farko ba kamar yadda yawanci ake yi. Ku sauka Kasablanka, akwai tashar jirgin ƙasa a ƙarƙashin filin jirgin saman Muhammad na Biyar, za ta kai ku tashar Casa Voyageurs. Ku kwana ɗaya ku huta. Washegari ku nufi Fas, kimanin awa 4, ku yi kwana huɗu. Daga nan Rabat, wajen awa 3, kwana ɗaya. Sai Marrakesh, awa 3 da rabi zuwa 4, kwana uku, sannan ku dawo Kasablanka ku kwana kafin ranar tashi. Babu zaman da zai wuce kimanin awa 4 ke nan.

Abin da za ka kulle tun kana gida: biza, tikitin jirgin sama, masaukin daren farko da na ƙarshe, da masaukin Fas. Sauran masaukai ka zaɓi waɗanda suke yarda a soke ba tara. Tikitin jirgin ƙasa kuwa, hukumar jiragen ƙasan Maroko, ONCF, tana sayarwa ta intanet da kuma a tasha. Wanda aka saya da wuri ya fi araha, amma sau da yawa a ɗaure yake da jirgi guda da lokaci guda, ka duba sharaɗin canji kafin ka biya. Ni abin da nake yi idan na ɗauki dattijai, duk garin da muka sauka sai na tsaya a tagar tikiti na yanki na barinsa kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, bayan na ga yadda jikinsu yake. Ka ƙara kuɗi kaɗan ka yanki aji na ɗaya, ku samu kujeru masu lamba wuri ɗaya. In tafiyarku ta faɗo kusa da Babbar Sallah ko hutun bazara, wannan sassauci ya ragu, domin jirage cika suke yi, sai ka yanka da wuri.

Fas ce zuciyar tafiyar, kada ka yi mata rowar kwana. Tashar jirgi tana sabon gari, sai ku shiga ƙaramar tasi, wadda ba ta ɗaukar fiye da mutum uku, daidai ku. Amma tsohon gari, Fasul Bali, mota ba ta shiga. Lunguna ne matsattsu masu hawa da gangara, kaya a kura ko a bayan alfadari ake kai su. Ka nemi masauki kusa da ƙofar gari inda tasi ke iya tsayawa, ka kuma tambaya ko akwai ɗaki a ƙasa, saboda tsofaffin gidajen nan matattakalarsu tsaye take. Zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a Fas a 1815, tana cikin tsohon garin, ba nisa da masallacin Ƙarawiyyin da Fatima al-Fihri ta kafa a 859. Ku je da hantsi kafin kasuwa ta cushe. Ku kuma yi ƙoƙari ku samu magariba a masallaci ko sau ɗaya. Bayan sallama za ku ji jama'a sun haɗa baki suna karanta hizifi da ruwayar Warshu, irin wadda Hajiya ta tashi tana ji a makarantar allo, rubutun Alƙur'aninsu ma ɗan'uwan namu ne. Na ga dattijo ya zubar da hawaye a wannan zama, ya ce kamar yana gindin Gobarau yana yaro.

A cikin kwana huɗun nan ka bar yini ɗaya babu komai a kansa. In Hajiya ta tashi da ƙarfi, ku hau jirgi zuwa Miknas, ƙasa da awa ɗaya, ku ga ƙofar Bab Mansur da birnin da Sarki Maulaya Isma'il, wanda ya yi mulki daga 1672 zuwa 1727, ya mayar fadarsa, ku dawo Fas ku kwana ba tare da jan akwati ba. In ta gaji, ta huta, ko ta koma zawiya, ba a yi asarar ko sisi ba. Ranar Juma'a shaguna da yawa a tsohon garin rufe suke, sayayyar tsaraba a yi ta wata rana.

Rabat yini guda ya ishe ta: hasumiyar Hasan da Yaƙub al-Mansur ya fara a 1195 ya rasu bai ƙarasa ba, da iskar bakin teku. Ka lura manyan tashoshi biyu ne, Rabat Ville ta tsakiyar gari da Rabat Agdal. Jirgi mai gudun nan, Al Boraq, da aka buɗe a 2018, tsakanin Tanja da Kasablanka yake aiki, ba ya zuwa Fas ko Marrakesh, don haka tafiyarku ba ta buƙatarsa.

A Marrakesh masu yawon buɗe ido dandalin Jami'ul Fana suke cika, ku ma ku leƙa da yamma ku ga hasumiyar Kutubiyya. Amma na san abin da zai fi taɓa Hajiya shi ne makwancin Alƙali Iyad mai Ashafa da na Imam Jazuli mai Dala'ilu, cikin waliyyai bakwai na garin. Suna warwatse, ku ɗauki tasi ku raba su yini biyu.

Sanyin Fas a Disamba da Janairu ya fi hunturun Katsina, har da ruwan sama, Marrakesh kuma a Yuli da Agusta zafi ne sosai. Maris zuwa Mayu, ko Oktoba, su na fi so wa mai shekaru. In kun je da azumi, lokutan jirage kan sauya, sai ka sake duba allon tasha. Akwati kuma kowa ɗaya mai taya, maganin Hajiya a jakar hannunka, domin jirgi ba ya daɗewa a tashoshin hanya, kuma kai ne za ka riƙe hannunta wajen sauka.