Injin kwalekwalena ya ɗaure a tsakiyar ruwa, me zan yi da jirgin?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da kwalekwalen katako da nake jigilar 'yan kasuwa da shi daga Yauri zuwa ƙauyukan tsallake, shekararsa bakwai a ruwa. Makon jiya injina mai doki 40 ya yi zafi ya ɗaure a tsakiyar ruwa, ga mata da yara a ciki, sai da wani jirgi ya jawo mu. Tun ranar ban yi barcin kirki ba. Wani makanike ya ce in sayi ɗan Kwatano mai doki 75 in ɗora, wai babban inji ba ya barin mutum a ruwa. Ƙanina kuma ya ce in sayar da komai in huta.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya kiyaye gaba, ɗan'uwa, barka da arziki.

Maganar injin ba ta da tsawo. In ya yi zafi sannan ya ɗaure, sau tari ruwan sanyaya shi ne ya yanke: ko leda ko kainuwa ta toshe kafar shan ruwa, ko yashi ya cinye robar famfo. Ka tuna, fitsarin injin, wato ɗan ruwan sanyayawa da yake tsartowa, yana fita kafin ya tsaya? In yana fita, to a bincika ko yaronka yana tauye baƙin mai, don lita ɗaya ake so a lita 50 ta fetur. A buɗe kan injin a gabanka. In fistan da ringi ne kawai suka ƙuje, a gyara. In zafin ya kai ga kiranshaf ko bulok ya tsage, ka sayar wa masu kayan gyara, kada ka zuba kuɗi a rijiya.

Amma shawarar makaniken nan ita ta tayar mini da hankali, don kusan kullum sai na ji ta a bakin ruwa. Wa ya gaya masa leda tana jin tsoron doki 75? Kafar da ta toshe a ƙaramin, irinta ce a babban. Abin da bai faɗa maka ba shi ne babban ya ɗara naka da kusan kilo 40, kuma duk nauyin nan a kan allon baya zai rataya, katakon da ya shekara bakwai yana shan ruwa da jijjiga. Duk lokacin da ka murɗa, ƙusoshin wurin ne ke ɗaukar turin. Gindin jirgi ya nutse, kai ya ɗaga, direba ya daina ganin gabansa. A tafkin Kainji kuwa, tun da aka gama madatsar a 1968 kututturan itatuwa ke tsaye a ƙarƙashin ruwa, kuma dukan da jirgi zai sha a guje ba ɗaya ba ne da na mai tafiya a hankali.

Sai kuma abin da ba a son faɗa. Ba wanda ke sayen babban inji ya ci gaba da ɗaukar lodin da. Injin ya fi shan mai, ga bashi, sai a ce a ƙara buhu goma, a ƙara babur biyu, ai yana ja. Ja kam yana ja, katakon ne ba a tambaya ba. A watan Mayun 2021 jirgin da ya taso daga jihar Neja zuwa Wara ya dare a tsakiyar ruwa da mutum sama da 150 a ciki, kaɗan aka ceto. Mai injin da ya mutu yana iya jira a zo a ja shi, kamar yadda aka yi maka. Wanda jirgi ya rabe da shi fa? Ranar da aka zo tambayar rayuka, makaniken yana gida da kuɗin la'adarsa.

Don haka kafin ka yanke komai, a fito da jirgin tudu ya kwana uku. Ka ɗauki sukundireba da kanka ka riƙa caka allon baya, musamman inda maƙalin inji ke cizo, da mahaɗarsa da ƙasan jirgi. Katako mai rai ƙin shiga zai yi. In ta lume har a ƙasan jirgi kamar a dafaffen rogo, ko ka ga baƙin zobe kewaye da kan ƙusoshi, ko tsumma da kwalta sun fi katako yawa a mahaɗai, wannan jirgi ya gama ɗaukar mutane, ko da wane inji. Nan ƙaninka ya yi gaskiya: ka sayar wa mai su a gefen ruwa, ka kuma faɗa masa aibin.

In kuwa allon baya kaɗai ya gaji, kafinta ya sake shi, ka koma kan doki 40 ɗinka. Rarar da za ka ba ɗan Kwatano ka sayi ƙaramin inji mai doki 15 na ko-ta-kwana, da anga mai doguwar igiya, da filafili huɗu, da rigunan ruwa adadin fasinja. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ta hana tafiyar dare, ka kiyaye ko ba jami'i a wurin. Robar famfo kuma a riƙa sakewa duk shekara, wata sabuwa tana cikin akwatin sifana.