Ana iya tare kill -9?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na rubuta wa wani kantin magani a Sabon Gari manhajar lissafin ciniki da Python, a kan Linux. Duk sanda ta cije, yaron shago sai ya kashe ta da ƙarfi, fayil ɗin cinikin ranar ya lalace. Mai shago har ya fara yi mini wani kallo. Na sa atexit da finally, wato hanyoyin Python na yin aikin ƙarshe kafin manhaja ta fita, amma a banza. Yaya zan tare kashewar? Daga wani ɗalibi a Samaru.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ya danganta da siginar da aka turo, wato saƙon da Linux ke isar wa manhaja don ta tsaya. SIGTERM, mai lamba 15, sallama ce. Ka kama ta da signal.signal, ka ɗaga tuta, manhajar ta rufe fayilolinta ta fita. Idan ba ka kama ta ba, Python ba zai waiwayi atexit ɗinka ba.

SIGKILL kuwa, mai lamba 9, wadda umarnin kill -9 ke turowa, ba a tare ta. Kullum sai na ji wani a zauren WhatsApp yana cika baki wai yana da lambar da ke kama ta. Ƙarya yake. Kanel, wato zuciyar Linux, ne ke cire manhajar kai tsaye, ba ya shawara da ita, layi ɗaya ba zai ƙara gudana ba, balle finally. Ba yaron shago kaɗai ke turo ta ba. Ƙwaƙwalwar kwamfuta (RAM) ta cika, Linux da kansa zai zaɓi wata manhaja ya kashe. Shi ma systemd, mai tayar da manhajoji da tsayar da su a Linux, daƙiƙa 90 yake jira bayan sallama, Docker, mai gudanar da manhaja a keɓe, 10, sai su yi amfani da ƙarfi. To, wanda ya jingina kuɗin mutane a kan "zan adana lokacin fita", ranar da aka ɗauke wuta batir ya mutu, wa zai yi masa sallama?

Ganewa daga waje ake yi. Wanda ya tayar da manhajar daga shell zai ga lambar fita 137, wato 128 da 9, dmesg kuma, umarnin da ke nuna saƙonnin kanel, zai nuna ko ƙwaƙwalwa ce. Ko ka ajiye ɗan fayil na alama in ta tashi, ka goge a fita ta lafiya. Ka tarar da shi gobe, ka san kisa aka yi.

Cinikin kuma ka mayar da shi SQLite, ƙaramin rumbun adana bayanai, kowace sayarwa a adana ta nan take. In dole fayil ne, rubuta sabo a gefe, yi fsync don ya sauka kan faifai, sannan os.replace ya maye gurbin tsohon da shi. Ka gwada kill -9 da hannunka ana tsakiyar rubutu kafin ka koma shagon, kuma don Allah ka binciko abin da ke sa ta cijewa tun farko.