Amsa: Mayar da kgf/cm² zuwa kPa

Malam, ka yi tambaya kan daidaita tsohon gejin kwamfuresarka mai nuna matsin iska da kgf/cm² (nauyin kilogiram a kan kowane murabba'in santimita) da takardar sabon injin da aka rubuta da kPa (kilopascal, wani ma'aunin matsi). Kowane kgf/cm² ɗaya daidai yake da kPa 98.0665, saboda haka idan allurar ta tsaya kan 7, matsin ya kai kPa 686 da ɗoriya. Makanikai da yawa sukan ɗauki kgf/cm² ɗaya tamkar ma'aunin bar ɗaya, wato kPa 100, amma a ganina bai kamata a raina bambancin kusan kashi 2 cikin ɗari wajen saita bawul ɗin kariya ba. Idan kuma cikakken matsi takardar take nufi, wato wanda ya haɗa da matsin iskar waje, sai ka ƙara kimanin kPa 101, domin geji ba ya lissafa matsin iskar da ke kewaye da mu.