Zanen tatu: ina ya fi zafi a jiki, kuma wane zafi ne abin tsoro?

Tambayoyin wannan makon sun taru a kan zanen tatu, wato zanen da ake yi wa fata da allura da tawada. Hukuncinsa a addini ba fagena ba ne, wannan sai malamai. Ni abin da allura ke yi wa fata da abin da kan biyo baya zan yi bayani.

Salamu alaikum Likita. Gardama muke da abokina. Ya ce zafin tatu ɗaya ne ko a ina aka yi shi, ƙarfin zuciyar mutum ne kawai ya bambanta. Ni kuma na ce ba haka ba ne. Wa ya fi gaskiya?

Wa alaikumus salam. Kai ka fi shi gaskiya, amma shi ma yana da ɗan rabonsa.

Injin zanen yana soka allura ne cikin fata da sauri, daga sau 50 har zuwa 3,000 a minti ɗaya, zurfin milimita 1 zuwa 2. Dole allurar ta wuce fatar sama, wadda ke saɓulewa tana sabuntawa kusan duk wata, ta kai shimfiɗa ta biyu inda tawada za ta zauna. To a nan ne kuma jijiyoyin jin zafi da ƙananan hanyoyin jini suke. Shi ya sa babu tatu marar zafi, kuma babu wanda ba ya ɗan tsatsafo jini.

Sai dai jijiyoyin nan ba a raba su daidai a jiki ba. Ku gwada da abokin naka: ya rufe ido, ka ɗauki tsinke biyu ka haɗa bakinsu kusa da juna, ka taɓa masa kan yatsa. Ko tazarar milimita 2 ko 3 ce tsakaninsu zai ce maka biyu ne. Ka kai su gadon bayansa, sai ka buɗa su kusan santimita 4 kafin ya daina cewa ɗaya ne. Taɓawa ce wannan gwajin ke aunawa, amma yana nuna maka inda jijiyoyi suka yi cunkoso. Yatsu, tafin hannu, leɓe, fuska, hammata, matsematsi da cikin cinya duk suna cikin wuraren da mutum zai ji a jikinsa.

Abu na biyu shi ne abin da ke ƙarƙashin fatar. Inda akwai tsoka ko kitse, kamar bayan damtse, wajen cinya, sharaɓa da ɗuwawu, allura na samun abin da zai tare mata bugun, yawancin mutane suna jurewa har su riƙa hira. Inda fata ta kwanta a kan ƙashi kuwa, labari ya sha bamban: haƙarƙari, tsakiyar ƙirji, layin ƙashin baya, gwiwar hannu, ƙoƙon gwiwa, ƙwauri, idon sawu da saman ƙafa. Allurar ba ta taɓa ƙashin ba, ko da yake mutum zai rantse ta taɓa. Girgizar injin ce ke ratsa tantanin da ya lulluɓe ƙashi, shi kuwa cike yake da jijiyoyi. Haƙarƙari ya fi kowane wuri kaurin suna, don bayan siririyar fata, ga shi duk numfashin da ka ja sai wurin ya motsa ƙarƙashin allura, ka riƙe numfashi ka ƙara takura, ka sake shi layi ya nemi karkacewa.

Abin mamaki, ɗaya daga cikin tsofaffin zanen da aka sani a duniya a irin waɗannan wurare yake. Gawar mutumin nan da ake kira Otzi, wadda aka tsinta cikin ƙanƙara a tsaunukan iyakar Italiya da Ostiriya a 1991, ta kai shekara 5,300, kuma an ƙirga zane 61 a jikinta, da yawa a ƙugu da gwiwa da idon sawu, inda gaɓoɓinsa suka nuna alamun lalacewa. Wasu masana na ganin neman sauƙin ciwo ya sa aka yi masa su.

Inda abokinka ke da gaskiya shi ne mutum biyu za a yi wa zane ɗaya a wuri ɗaya, wannan ya yi shiru, wancan ya yi ta zufa. Tsoro, rashin barci da yunwa duk suna ƙara zafi. Tsawon zama ma haka. Da farko jiki yana sakin sinadaransa na rage raɗaɗi, amma idan aka ɗauki awanni ana maimaita allura a fatar da ta riga ta kumbura don cike launi, waɗanda ake yi wa kan ce ji suke kamar mage na yaƙushin wurin da ya ƙone.

Likita, ni mace ce mai tsoron allura, ko a asibiti jiri nake ji. An ce akwai man da ake shafawa ya kashe wurin. Yana aiki? Ko in sha maganin ciwo kafin in je?

Yana aiki, 'yar'uwa, amma ba yadda masu tallarsa ke faɗa ba. Yawanci lidoken ne a ciki, danginsa ɗaya da allurar da likitan haƙori ke yi kafin cire haƙori. Ana shafa shi kamar awa guda kafin a fara, a rufe wurin. Yana rage zafin farko, sannan ya sake ki tun aikin bai ƙare ba idan zanen babba ne.

Haɗarin yana wajen yawa. Idan aka laɓta shi a wuri mai faɗi, kamar duk baya ko duk cinya, aka naɗe da leda, ko aka shafa a fatar da allura ta riga ta buɗe, maganin yana shiga jini. Alamun farko su ne ɗanɗanon ƙarfe a baki, leɓe ya mutu, kunne ya riƙa ƙara. Idan ya yi tsanani sai jijjiga da rikicewar bugun zuciya. A 2024 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a su guji irin waɗannan mayuka da ake sayarwa ba takardar likita idan lidoken ɗinsu ya wuce kashi 4 cikin 100.

Maganin sha kuwa, farasitamol ba laifi. Asfirin kada ki sha don wannan, yana hana jini tsayawa da wuri. Giya ma haka take yi. Wanda likita ya ɗora a kan maganin tsinka jini kada ya dakatar da kansa saboda zane. Taramol da danginsa kuwa ban yarda a taɓa su ba ko kaɗan.

Jirin da kike ji sananne ne: tsoro ke sa bugun zuciya ya ragu, jini ya ja baya daga kai, wani har ya suma. Cin abinci da shan ruwa kafin lokacin, da kwanciya maimakon zama, suna rage shi sosai.

Barka da aiki Likita. Tun da aka huda mini kunne wani ƙullutu ya fito a wurin yana girma. Ina son yin tatu a kafaɗa tunda an ce nan ba zafi sosai. Akwai matsala?

Akwai, kuma babba. Wannan ƙullutun da alama kiloyid ne, tabon da ba ya tsayawa a iyakar rauni, sai ya yi tudu ya ci gaba da mamaye lafiyayyar fata, da ƙaiƙayi da tsikari. Ya fi yawa ga masu baƙar fata, yana kuma bin dangi. Wuraren da ya fi so su ne fatar kunne, ƙirji, kafaɗa, saman baya da gefen muƙamuƙi. Kin ga ke nan wurin da kika zaɓa don sauƙin zafinsa yana cikin mafi muni gare ki. Wannan ne ya sa ba na son a riƙa zaɓen wuri da ma'aunin zafi kaɗai: zafin allura na awa biyu ne ko uku, kiloyid kuwa ko an yanke shi yakan dawo, wani lokaci ya fi da girma. Shawarata kada ki yi, a kafaɗa ko a wani wuri. Na kunnen ma ki kai wa likitan fata ya gani, allurar da ake yi a cikinsa ta fi aiki tun yana ƙarami.

Likita a taimaka. Kwana 5 da yi mini zane a idon sawu. Maimakon ya yi sauƙi, zogi ƙaruwa yake, ƙafar ta kumbura, wurin yana fitar da ruwa mai wari. Ina da ciwon suga.

Malam, yau ɗin nan ka tafi asibiti, kada ka bari sai gobe. Sabon zane yana raɗaɗi da ɗan kumburi kwana biyu ko uku, daga nan kullum sauƙi ake samu, sai ƙaiƙayi da ɓawo, fatar sama ta warke cikin mako 2 zuwa 4. Zafin da ke hauhawa bayan kwana na uku, da mugunya, da wari, da ɗumin wurin, alamun ƙwayoyin cuta ne. A baƙar fata jan da ake cewa a duba ba ya fitowa sosai, don haka ka taɓa da bayan hannu ka gwada da ɗaya ƙafar. Idan akwai zazzaɓi ko kaluluwa a matsematsi, abin ya fara yaɗuwa a jiki.

Ga mai suga, ƙafa daga ƙwauri zuwa ƙasa ita ce wurin da rauni ya fi jinkirin warkewa, don jini ba ya isa yadda ya kamata. Masu sikila ma haka, ƙaramin rauni a idon sawu yana iya zama gyambo. Kada ka sa komai a kai da sunan magani, kada ka sayi maganin kashe ƙwayoyin cuta da kanka. Idan ka je, ka faɗa wa likita ko ka ga an ɓare sabuwar allura a gabanka da ko sabuwar tawada aka zuba maka. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa aƙalla kwana 7 a busasshen jini a jikin kayan aiki, kuma nau'in C da ƙanjamau ma suna iya wucewa ta wannan hanya. Idan kana shakka, a yi maka gwaji yanzu, a kuma maimaita a lokacin da likitan zai sa maka.

Na yi tatu a wuyan hannu ina yaro, yanzu ina son cirewa. Da zafi?

Da zafi, da yawa ma sun ce ya fi na yinsa, sai dai kowane zama gajere ne. Dalilin da ya sa zanen ba ya gogewa shi ne wasu ƙwayoyin garkuwar jiki sun haɗiye tawadar sun riƙe. Wani bincike da aka yi a kan ɓeraye a Marseille ta Faransa, aka wallafa a 2018, ya nuna idan waɗannan ƙwayoyin suka mutu sai sababbi su sake haɗiye abin da suka saki. Hasken leza, wato haske mai ƙarfi na wata na'ura da ake cire zanen da shi, yana farfasa tawadar ne ƙanana yadda jiki zai iya kwashe ta a hankali, shi ya sa ake buƙatar zama da yawa, sau 6 zuwa 10 ko fiye, da tazarar mako 6 zuwa 8. Baƙar tawada ta fi saurin fita, kore da rawaya suna da taurin kai. Na wuyan hannu da ƙafa sukan fi na ƙirji jinkiri. Tunda hasken yana iya kama launin fatar kanta ya bar fari ko duhu a wurin, ka nemi likitan fata da ya saba aiki da baƙar fata, ya fara gwadawa a ɗan gefe kafin ya bi zanen duka. Man gogewa da ruwan batir da guga mai zafi da wasu ke gwadawa tabo kawai suke bari, tawadar tana nan a ƙarƙashinsa.