Littattafan tsara filin golf sun cancanci kuɗinsu?

Ɗan'uwa, ka ce kana karatun zanen gine-gine a ABU, kana tambaya ko littattafan tsara filin golf sun cancanci tsadarsu. Sun cancanta, amma ba duka ba.

Fara da tsofaffin. Na Alister MacKenzie na 1920, wanda ya tsara filin Augusta a Amurka, ƙarami ne, amma zai buɗe maka ido kan yanayin ƙasa: ina tudu, ina kwari, ta ina ruwa zai bi. Ko lambu aka ba ka ka tsara, wannan ilimin zai yi maka rana. Manyan nan masu hotuna zalla, ni dai ban ga dalilin zuba musu kuɗi ba.

Inda ake kuskure shi ne a kwafo tsarin Turai a dasa a Zariya. Ciyawarsu ta ƙasar sanyi ce, rani da zafin bazara za su ƙone ta. Kiri-kiri ta fi juriya. Jar ƙasarmu kuma, ruwan Agusta ya sauka babu magudana, sai zaizaya.

Leƙa laburaren Kashim Ibrahim kafin ka saya. Gwajin ƙasa kuwa, sai ka nemi masana a IAR, cibiyar binciken aikin gona da ke Samaru.